Hannun Hagu na Mai Kilishi

Samarin unguwarmu idan suka wuce ta rumfata da hantsi, abin da suke gani shi ne tsoho zaune bisa kujera da salula a kunne, nama na shanye a bayansa, can sai mai kabu-kabu ya zo ya ɗauki kwali ya nufi tasha. Sai su ce wa juna Baba Isuhu ya huta, yana zaune kasuwa ke zuwa ta same shi. Kwanan baya biyu daga cikinsu suka zo mini da shawara. Wai za su sayi nama, ni in ba su sirrin haɗi, su kuma su ɗauki hoto su watsa a salula. Na ce su jawo benci su zauna. Ganin kitse suke wa rogo. Abin da na faɗa musu ran nan shi zan maimaita, ko wani ya amfana.

Daga Bawdeta na zo Tasawa, shekarar da hatsi ya ƙi a gonarmu, aka miƙa ni ga kawuna Garba mai kilishi a bakin babbar hanya. Shekara biyu ban sa wuƙa a nama ba. Ni ne korar ƙuda, ni ne ɗaurin asabarin kara da ake shanya a kai, ni ne dakan citta da kanumfari da masoro da tonka, wato barkono, har idona ya saba da yaji. Ranar da ya ba ni tsoka ta fari, ta cinyar sa ce, jawur, an riga an cire mata kitse da jijiya. Aikin shi ne ka buɗe ta da wuƙa, kana juyawa kana warwarewa kamar rawani, har dunƙule ɗaya ya zama shimfiɗa ɗaya marar kauri. Na yi ta fama har gumi ya jiƙa mini riga. Da na gama Kawu Garba ya ɗaga abin da na yi ya kara da rana, ya leƙo ni ta cikin hujojin.

"Ina ganinka sarai, Isuhu," in ji shi. "Rariya na sa ka yi?"

Sai ya ɗauko wata tsokar, ya ɗora ta bisa tafin hannuna na hagu, ya riƙe na dama da wuƙar a ciki, muka yanka tare. Ya ce in bar kallon bakin wuƙa, in saurari yatsuna. Wuƙa makauniya ce, hannun hagu ne idonta. Shi ke ƙarƙashin nama, shi ke jin kaifin yana matsowa, shi ke ce wa dama tsaya nan. Duk wanda ya ga mai kilishi yana aiki, hannun wuƙa yake kallo, alhali aikin yana ƙasa inda ba a gani.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙa uku, wani maƙeri a Gidan Amumune ke ƙera mini su da ƙarfen tsohuwar mota, da dutsen wasa su, da asabarai, da babban baho na labu, da wayar gashi. Labu shi ne kunun da ake tsoma busasshen nama a ciki: tunkuzar gyaɗa, da albasa, da tafarnuwa, da gishiri, da kayan yajin nan. Ka shanya nama ya bushe, ka tsoma shi a labu, ka sake shanyawa, sannan ka kara shi da garwashi. Garwashi na ce, ba harshen wuta ba. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba ya shiga labu, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. A baki abin gajere ne. Amma tunkuzar da ta kwana uku a zafi tana da wani ɗaci can ƙasan harshe, kuma naman da aka tsoma bai gama bushewa ba zai yi maka kyau yau, jibi ya yi furfura a jakar mai shi.

Masu sayenmu matafiya ne. Mota ta taso daga Maraɗi za ta Damagaram, ko ta fito gabas za ta Yamai, ta tsaya a yi salla a sha ruwa. Tsawon wannan tsayawa shi ne kasuwarka. A cikinsa za ka gane mai saye da mai ɗanɗano. Mai ɗanɗano ya zaga rumfa biyar, ya tsinka nan ya tsinka can, ya ƙoshi ya koma mota yana sakace. Mai saye kuwa ba ya yawan magana, ya karya gefe ya ji ƙarar karyewar, ya shinshina, ya ce a naɗe. Akwai ma'aikatan da aka yi wa sauyin wurin aiki suka bar Tasawa, amma duk wucewa sai sun tsaya. Akwai direbobi irin su Illa, mai jan babbar motar fasinja, wanda ke danna mini odar mota sau biyu tun daga nesa in fara naɗe masa rumuzu. Haka na yi shekara talatin da wani abu, har Kawu Garba ya rasu rumfar ta zama tawa, ni ma na koyar da wasu. A cikinsu Sanusi ne ya zauna da ni, har ya yi aure ya tara iyali.

Wata safiya cikin bazara na ɗauki tsoka ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Na buɗe baki in ce wa Sanusi ya miƙo mini ruwa, sai na ga yana kallona kamar bai san ni ba. Bakina ne ya karkace. Aka kai ni gidan likita, daga nan aka wuce da ni Maraɗi. Lokotoron da ya duba ni ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta daɗe tana hawa ban sani ba, ta shanye mini ɓarin hagu. Da aka sallamo ni ƙafar tana ja, magana tana fita da nauyi, hannun kuwa yana rataye kamar na aro. Ko ka tsunkule shi ban ji.

Wata bakwai na yi a tabarma ƙarƙashin dogon yaron gidana. Mai koya mana motsa jiki a gidan likita ya ba ni wata ƙwallon roba, ya ce in riƙa matsawa safe da yamma. Na tura ta ƙarƙashin matashi. Na yi lissafi a raina cewa ko ƙafa ta dawo, ko baki ya miƙe, mai kilishin da hannun hagunsa ba ya ji ya gama aiki. Masu dubiya suka yi ta zuwa, sannan suka ragu, kamar yadda aka saba. Sanusi na riƙe da rumfa, yana zuwa gaishe ni kowace Juma'a. Ban taɓa tambayarsa yaya kasuwa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Matata Hajara ce ta kawo ƙarshen wannan zama. Wata rana da la'asar ta dawo daga barka, ta ajiye mini wani ƙunshi a gefen tabarma, ta tafi ta hau tankaɗe. Na buɗe da hannu ɗaya da haƙori. Kilishi ne, ja. Na lanƙwasa gefe, bai karye ba, sai ya bi hannuna kamar fata. Na sa a baka. Sukari ya yi yawa, an zuba shi don ya rufe ɗacin tsohuwar tunkuza, bai kuma rufe ba. Na tofar.

"Hajara, wanga na wane ne?"

"Mi ya same shi?" Ba ta ko ɗago kai ba.

"Wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba. A ina kika saye?"

"Rumfar Isuhu mai kilishi," in ji ta. "Haka na ji masu mota suna kiran wurin."

Washegari na sa aka kira maƙwabcina mai amalanken jaki, aka kama ni aka ɗora, muka bi ta tsakiyar gari mutane na kallo. Tun ciwona ban fita ƙofar gida ba sai ran nan. Sanusi na hango mu ya tashi tsaye da wuƙa a hannu. Na ce a sauke ni kusa da bahon labu. Na lakata na ɗanɗana, na ce ya zubar.

"Baba, duka?"

"Duka."

"Baba, ka yi haƙuri in faɗa maka. Manyan motoci sun bar tsayawa nan, kowace ta yi gidanta, can fasinja ke sauka a rufe ƙofa. Labu sai ya kwana bai ƙare ba. 'Yan da ke tsayawa kuwa masu wucewa ne, ba su dawowa. Wa zai gane?"

"Ni na gane," na ce. "Aika a sayo tunkuzar yau."

Gaskiya ya faɗa game da motocin, kuma ban ga laifinsa duka ba. Mutum ne mai iyali da aka bar wa rumfa cikin mummunar shekara. Yankansa ma ba laifi, ni na koya masa. Haɗin ne da wutar suka lalace, su kuwa harshe da hanci suke so, ciwon bai taɓa mini su ba.

Da aka kawo tunkuza na zauna na auna kayan yaji da hannun dama. Da ma labu da hannu biyu ake murje shi don kada ya yi gudaji. Sai na kama hannun hagun da na dama, na tsoma shi cikin baho, ina tura shi yana bi kamar muciya. Haka na riƙa yi kullum. Amalanke ya kawo ni da safe ya maida ni da azahar. Daga baya na koma zuwa da sanda, ina hutawa sau uku a hanya. Wajen wata biyu ana haka, wata rana ina cikin murza sai na ji wani zugi kamar an sa mini allura. Na ciro hannun na duba. Wata 'yar tsaga ce a gindin babban yatsa, tonka ta shiga ciki. Na maida hannun cikin labun na bar shi, ina jin zafin. Da na koma gida na nuna wa Hajara wurin. Ta duba, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwallon robar nan ta ajiye mini a cinya.

Hannun bai dawo yadda yake ba, kada in yi muku ƙarya. Yana riƙe kofi, yana murza labu, yana jin zafi da sanyi. Amma bakin wuƙa ba ya jin sa a kan lokaci. Na gwada sau biyu na yanke. Sai muka raba aiki: yanka na Sanusi, haɗi da wuta nawa. Kilishin ya dawo daidai, sai dai masu saye ba su dawo ba. Mu yi aiki mai kyau mu jera, mu wuni muna kallon motoci na wucewa.

Ɗiyata Rabi tana aure a Mayahi, tana sayar da atamfa daga cikin gida. Ta zo ganina ta tarar da mu zaune, ta tambayi Sanusi abin da ke faruwa, ya faɗa mata. Zuwanta na gaba ta zo mini da babbar salula irin ta shafawa.

"Baba, ni ko rumfa ba ni da ita, amma har Dakoro ake sayen zanena. A nan ciki nake kasuwa."

"Ni da ban yi karatun lakkwal ba, mi zan karanta a ciki?"

"Ba sai ka karanta ba. Ka dai bar ni in gwada."

Ta nuna mini wurare uku da mutane ke taruwa a cikin salular. Sunayensu na nasara ba su zauna mini a baki ba, da launi nake gane su har yau. Akwai baƙin, na gajerun bidiyo da kiɗa. Akwai shuɗin, inda ake sa hoto mutane su yi rubutu a ƙasa. Akwai koren, wanda ake aika saƙon murya, abin da suke ce wa bokal.

Da baƙin ta fara, don ta ce can jama'a suka fi yawa. Ta ɗauke ni ina juya kilishi bisa garwashi, hannun hagun na rawa a gefe. Kwana biyu sai ga ta ta kira tana murna, wai mutanen da suka kalla sun fi mutanen kasuwar Mayahi ranar cinta. Na ce to nawa suka ce a naɗe musu? Ta ce ba ko ɗaya. Na ce ta karanta mini abin da suke rubutawa. Allah sarki tsoho. Allah ya ba shi lafiya. Ina 'ya'yansa suka bar shi yana wahala. Wani ma ya ce a ba shi lamba zai aiko da sadaka. Mutanen kirki ne, addu'arsu kuma na karɓa. Amma hannuna suka kalla, ba wanda ya kalli naman. Na ce ta cire. Ta ce Baba, mutane sun fara sanin ka. Na ce a matsayin wa? Ta cire.

Shuɗin ya fi dama-dama. A nan an ga kilishin, an yaba. Sai dai na tarar da tsofaffin abokaina masu ɗanɗano sun riga ni zuwa. Mutum ya rubuta "nawa", a ba shi amsa, ya ɓace. Wani ya yi ta tambaya kwana uku, ashe yana wata ƙasar da ko mota ba ta zuwa daga nan. Kuma komai rubutu ne, sai na jira Rabi ko Sanusi su karanta mini su amsa, abin da suka rubuta kuwa ba irin maganata ba ce. Ban rufe shi ba. Rabi na sa hoto can jefi-jefi da lambata a ƙasa, kamar allon da ake kafawa a bakin hanya. Amma ba can nake zama ba.

Wata rana na tuna da tsohuwar ƙaramar salulata mai maɓalli, wadda ke cike da lambobin direbobi da ma'aikatan da suka bar gari. Na ce wa Rabi waɗannan fa, suna cikin wanne? Ta kwashe lambobin ta zuba a sabuwar, ta duba, ta ce kusan dukansu suna cikin koren. Na ce to ai ga kasuwata nan, muna ta yawo a ta wasu.

Bokal na fari Illa direba na yi wa. Sau shida ina yi ina sa a goge, don ina jin nauyin harshena a ciki. Na bakwai Rabi ta aika ban ce ta aika ba. Abin da na ce kawai, Illa, Isuhu ne mai kilishin Tasawa, ina gaisuwa, ina nan rumfa, rumuzu na nan. Kafin mu gama sallar azahar amsa ta shigo. Na ji ƙarar mota a bayan muryarsa.

"Baba Isuhu, kai ne? Wallahi an ce mana ka rasu. Har addu'a muka yi maka a tashar Maraɗi. Jibi zan wuce, ka naɗe mini irin na da, ka aiko gidan motarmu."

Ashe abin da ya sa wasu suka bar tsayawa ke nan. Hoto ba zai gyara wannan ba, sai da suka ji muryar. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kowa da gaisuwarsa, ina tambayar iyali da suna in na tuna. Wani ya amsa, wani lambar ta mutu, wani ɗansa ne ya amsa ya ce mahaifin ya riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka saya suka ba wasu lambata. Illa da abokan aikinsa suka zama masu kai saƙo Yamai da Damagaram da Agadas.

Nan ma sai da muka yi kuskure. Rabi ta tara masu sayen duka a gurup ɗaya don a huta da aika wa kowa daban. Cikin sati guda wurin ya cika da barka da Juma'a, da wa'azi, da gardamar siyasa, har mutum biyu suka yi zage-zage. Kilishi ya ɓace a tsakiya. Muka rufe. Yanzu abin da nake yi, kowace safiya in an shanya nama Sanusi ya ɗauki hoto ɗaya mu sa a inda duk mai lambata zai gani, ya wuni ya kwana ya ɓace da kansa. Hoton na ranar ne, ba na jiya ba. Mai so ya yi mini bokal, in amsa da bakina. In an naɗe, a takarda ake naɗewa sannan kwali, ba a leda ba, leda na sa shi gumi. A rubuta suna, a ɗauki hoton kwalin a hannun direba, a aika wa mai shi.

Samarin nan biyu suka ce to wanne ya fi a cikin ukun? Na ce ban sani ba. Mai ɗinkin da ke kusa da ni baƙin ne ya karɓe shi, don 'yan mata ke sayen kayansa kuma can suke wuni. Ni masu sayena manya ne, suna tuƙi ko suna bakin aiki, kuma abin ci ne za su sa a baka daga hannun wanda ba su gani. Ka fara sanin wa ke sayen kayanka da inda yake zama, da kuma abin da kai kanka za ka iya riƙewa kullum ba sai an riƙe maka ba.

Kuma salula ba ta shanya nama. A damanar da ta wuce wata Hajiya a Yamai, wadda ta samu lambata wurin wata ƙawarta, ta yi odar da ban taɓa samun irinta ba tun tashina daga ciwo. Ɗiyarta za ta koma karatu waje, tana son kwali biyu na ja, su isa ran Alhamis. Muka yanka ran Litinin, shanyar fari ta yi kyau. Talata muka tsoma a labu muka shimfiɗa, sai hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa bai sauka sosai ba, amma rana ta ƙi fitowa har Laraba. Na taɓa naman da yamma, yana da sanyi a ciki.

Sanusi ya ce, "Baba, mu ƙara masa wuta ya ƙarasa a kan waya. Zai yi kyau a ido."

"Zai yi. Kwana nawa zai yi a akwatin yarinyar?"

Na ɗauki salula na yi mata bokal. Na gaishe ta, na ce Hajiya, rana ta ƙi mu, naman bai bushe yadda zai yi tafiya ba. In kin ba ni zuwa Asabar zai iso lafiyayye. In Alhamis ce dole, ki nema wurin wani, ba zan aiko miki abin da zai lalace a hanya ba. Amsarta gajera ce. Ta ce jirgi ba ya jiran rana, ta yi zaton da dattijo take magana, ta gode.

Ran Juma'a rana ta buɗe. Kilishin ya fito yadda ake so, yana karyewa da ƙara. Muka yi sati biyu muna sayar da shi kaɗan-kaɗan ga mutanenmu na kullum. Hajiya ba ta sake magana ba, ni ma ban bi ta da roƙo ba.

Sai dai koren nan yana nuna maka waɗanda suka buɗe hotonka na safe. Ni ban iya karanta sunayen, amma na gane ɗan hoton da ke jikin lambarta, wani farin fure ne. Kullum tana cikin na farkon dubawa, tun kafin hantsi. Damana ta wuce, an yi girbi, an kai hatsi rumbu, tana nan tana dubawa. Sanusi ya ce in yi mata bokal in gaishe ta, ƙila kunya ce ta hana ta. Na ce a'a, a bar ta. Mai zaga rumfa yana kallo bai tafi ba tukuna. Mu dai mu tabbata abin da za ta gani gobe da safe mai kyau ne.